Mayafi a Kafaɗar Hagu

Cinyar alade uku ce a kujerar gaba, kuma sai da Royce Mecham ya ɗaura musu bel, don tun daga birnin Idaho Falls motar ta ƙi daina ƙara, ta ɗauka mutum ne ya zauna. Haka ya shigo gari da fasinjojinsa, ƙarfe goma saura kwata na safiyar Alhamis, kwana uku da rasuwar mahaifinsa. An riga an kwashe dankali kaf daga gonaki, ba abin da ya rage sai baƙar ƙasa da ragowar ƙanƙara a tsakanin kunyoyi.

Bai yi niyyar tsayawa ba. Matarsa Shauna ta ce masa ƙarfe ɗaya za a sa wa Baba sutura, ya fara kai naman kicin ɗin coci, matan da za su dafa abincin jana'iza na jira. Amma hanyar cocin ta gaban gidan shirya gawa ta bi, ga kuma jakar askin Baba a aljihun ƙofar mota. Sai ya ce bari ya miƙa ta ya wuce.

Farar a-kori-kurar yayansa Kendall na ajiye a bakin ƙofa. A gefenta motar Dewey ce, mijin ƙanwarsu. Gilasan duka biyun sun yi raɓa, alamar ba yanzu aka kashe su ba.

Royce ya duba agogon hannunsa, ya duba na mota, kamar ɗayansu zai ba shi haƙuri. Sannan ya kira Shauna.

"Ka samo naman?" ta ce, tun kafin ya yi magana.

"Na samo, suna gaishe ki. Shauna, ƙarfe nawa kika ce min?"

Yana jin ƙarar famfon kicin ɗinsu. Sai aka rufe famfon.

"Kana ina?"

"Ina kallon motar Kendall."

"Royce, tsaya ka ji."

"Ɗaya kika ce, ko kunnena ne ya fara tsufa?"

"Mama ce ta roƙe ni. Ta ce ba ta son rigima a kan gawa. Na gaya mata bai dace ba, har sau biyu na gaya mata."

"Har sau biyu. Sannan kika tura ni mil arba'in sayen alade."

"Ai da ma ana buƙatar naman."

"Ana buƙata kam," in ji shi, ya kashe wayar.

Shekara ashirin da shida da aure, bai taɓa kama ta da ƙarya ba, ko ta kuɗin takalmi. Ya zauna yana mamakin yadda ta iya abin a karon farko. Har sunan shagon ta rubuta masa a takarda, ta sa masa gurasa da cuku a leda saboda hanya.

* * *

A garinmu ba a cewa mutum ya bar coci, sai dai a ce yana fama. Royce ya shekara huɗu yana fama.

Mormon ne jikan Mormon, wata ɗariƙa ce ta Kiristocin Amurka. Kakan kakansa da ƙafa ya tako rabin Amurka yana tura amalanke don ya iso wurin 'yan'uwa, labarin da ake ba kowane yaro a gidan Mecham idan ya ce ya gaji. Royce ya yi wa'azi shekara biyu a Chile, ya yi aure a haikali, babban ɗakin ibadarsu da sai mai izini ke shiga, ya kuma shekara shida yana aikin sa-kai a cikin haikalin kowace Talata, yana gyara wa tsofaffi ɗamara da hula kafin su shiga ibada. Sai aka ba shi ajin manya na ranar Lahadi ya koyar da tarihin coci. Kuskuren ke nan. Makanikin injin ban-ruwa ne, ba ya iya ganin abu bai kwance ya leƙa cikinsa ba. Ya kwance. Abubuwan da aka ce masa tun yana yaro ƙagen maƙiya ne, sai ga su a takardun cocin da kansa. Da ya zo mayarwa, ya tarar da ragowar ƙarafa a ƙasa waɗanda bai san inda za su shiga ba.

Bai yi shela ba. Ya dai daina sa farar rigar ciki da kowane mai alkawarin haikali ke sawa dare da rana, kuma a kwandon wanki Shauna ta samu labari. Yana da shekara arba'in da bakwai ya sha gahawa karon farko, abin da aka haramta masa tun haihuwa, ya tarar ko daɗi ba ta yi masa. Ya ci gaba da sha saboda aƙida. Kendall ya laƙaba masa Farfesa. Maƙwabta suka riƙa ajiye masa farantin biskit a bakin ƙofa da 'yar takarda mai cewa ana kewarsa, manoman da ke cikinsu kuma suka koma kiran wani makaniki daga garin gaba.

Mahaifinsu Verl bai ce uffan ba. Shekara biyu ana haɗuwa a tebur ranar Lahadi, ba ya zancen komai da Royce sai farashin dankali. Daga nan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Kendall babba ne a coci, ikilisiya tara ke ƙarƙashin kwamitinsu, taro ba ya ƙare masa. Yakan zo ranar Lahadi cikin kwat, ya ɗiga wa Baba mai a ka, ya ɗora hannu ya yi addu'a mai daɗin ji, ya tafi kafin miya ta huce. Royce kuwa, da yake manoma sun rage masa aiki, shi ke zuwa kullum ƙarfe bakwai na safe. Shi ne wanka, shi ne aski, shi ne sauya abin da ba a faɗa a tebur. Kullum da hannunsa yake sa wa Baba irin farar rigar cikin nan da shi ya tuɓe. Hannun hagun ya naɗe a ƙirji kamar fiffiken kaza, kuma sai da Royce ya yi wata biyu kafin ya gano kansa: a dafa ƙarƙashin gwiwar hannu da babban yatsa, a jira, kada a ja, zai saki da kansa kaɗan, a nan ake zura hannun riga.

Wata safiya cikin watan Agusta, yana ɓalla masa maɓalli, tsohon ya yi magana da rabin bakin da ya rage masa.

"Ranar da na tafi, kai za ka sa min kayan."

Royce ya san kayan da yake nufi. Wanda ya yi alkawarin haikali da kayan haikalinsa ake binne shi, kuma maza na gida ke sa wa namiji.

"Baba, ba ka ji labari ba? Ni ɗan ridda ne."

"Kendall ko taye ɗinsa matarsa ke ɗaura masa."

"Zai koya."

"Ba a kaina ba." Tsohon ya kama wuyan hannunsa da hannun da ke aiki. "Ka sa min daidai. Da su zan tashi ranar ƙiyama."

Mamarsu LaRue na tsaye a bakin ƙofa riƙe da tawul. Ta ji komai. Royce ya ce to.

* * *

Malam Etchart, mai gidan shirya gawa, ɗan Katolika ne, kuma ya daɗe da koyon kada ya sa baki a kayan Mormon. Yakan gyara gawa, ya nuna wa dangi ɗaki, ya ja ƙofa. Da ya ga Royce a zaure riƙe da jakar aski, sai ya gyara tabarau.

"An ce min ba za ka samu zuwa ba."

"Ni ma haka na ji."

Ƙofar ciki ta buɗe, Kendall ya fito. Ya naɗe hannun riga, goshinsa na naso duk da sanyin ɗakin. Ya tsaya cak.

"Farfesa. Ka yi sammako."

"An ce min ɗaya."

"An sauya. Dewey na da aiki da rana."

"Dewey ya shekara biyu da ritaya."

Kendall ya share goshi da bayan hannu. "Ka san ƙa'ida, Royce."

"Babu wata ƙa'ida da ta hana ɗa sa wa ubansa riga. Na karanta."

"Ka karanta, ai na sani. Karatun ne ya kawo mu nan."

Suka tsaya suna kallon juna, maza biyu masu sanƙo iri ɗaya. Malam Etchart ya samu wata takarda da ke buƙatar dubawa nan take. Royce ya shirya abin da zai faɗa tun daga mota, magana mai nauyi wadda har sunan Allah ya shigo ciki, amma Kendall ya riga shi, da wata murya daban.

"Hannun ya ƙi."

"Wane hannu?"

"Na hagu. Mun fi rabin awa. Etchart ya ce a tsaga rigar ta baya, haka suke yi, amma Mama ta ce kada almakashi ya taɓa ta. Dewey ya ja, wani abu ya yi ƙara, ya fita ya yi amai." Ya kau da kai. "Yaya kake yi ne?"

Royce ya wuce shi ya shiga.

Baba na kwance a kan tebur cikin farar rigar ciki, farar shet ɗin kuma ta maƙale a hannu ɗaya, sauran na lilo. An shafa masa hoda, an tsaga masa gashi kamar ɗan makaranta. Dewey na manne da bango, fuskarsa ta yi fari fat. Royce ya cire rigar gaba ɗaya, don ta dama suka fara, kuma duk wanda ya fara ta dama ya ɓata.

"To, Baba," ya ce, yadda yake faɗa kowace safiya. "Hagu tukuna."

Hannun ya yi sanyi, ya yi tauri fiye da yadda ya saba. Ya dafa ƙarƙashin gwiwar, ya murza a hankali, ya jira. Bai tabbata gawa na jin wannan lallashin ba. Ya ci gaba da jira, har ya ji ɗan sassauci, kaɗan, daidai shigar hannun riga. Ya zura. Ya tallafo kafaɗa ya zagayo da rigar ta baya, ya ɓalla maɓalli daga ƙasa zuwa sama. Farin wando, farar safa, farin taye. Ya ciro matsefi daga jakar aski ya mayar da gashin baya, yadda mai shi ke yi tun kafin a haife su. Duka bai kai minti goma sha biyar ba.

A kan kujera akwai 'yar ƙaramar jakar haikalin Baba, wadda hannunta ya goge don shekara sittin na ɗauka. A ciki mayafin yake, da ɗamara, da koren ƙyallen ƙugu, da hula. Royce ya miƙa hannu.

Kendall ya dafa jakar.

"Daga nan mu ne."

"Ni ya ce."

"Ba shi da lafiya lokacin."

"Hannunsa ne ya mutu, Kendall, ba kansa ba. Mama na wurin lokacin da ya faɗa, ka tambaye ta."

"Ita ta ce kada ka taɓa su. Ka yi alkawari a kansu ka karya, ka san me hakan ke nufi a wurinta. Mun gode da rigar, da gaske nake. Ka jira a waje."

"Dewey?"

Dewey na nazarin takalminsa.

Royce zai so a ce ya yi wani abu na maza a wannan lokacin. Ya fi Kendall ƙarfi tun suna yara, jakar kuma ba ta da nauyi. Abin da ya yi dai shi ne ya wanke hannu a famfon da ke kusurwa, ya goge, ya jefa takardar a kwando, ya ja ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara. Sai ya kai naman coci. Matan kicin suka rungume shi ɗaya bayan ɗaya suna ƙanshin albasa, suka ce kullum yana cikin addu'arsu.

* * *

Ranar Juma'a da la'asar ya tarar da Shauna tana goge masa farar shet ta jana'iza. Tun jiya ba su yi maganar da ta wuce ina gishiri ba.

"Da na gaya maka gaskiya," ta ce, ba ta ɗago ba, "da ka je ka yi faɗa."

"Da na je na sa wa babana kaya."

"Ka sa masa riga ai. Dewey ya ce ba don kai ba da har yanzu suna can."

"An ari hannuna, an maido. Ko rasit ba a ba ni ba."

Ta ajiye dutsen guga. "Kullum sai ka mai da abu raha. Kana ganin ni daɗi nake ji? Shekara huɗu ina zama ni kaɗai a benci, mata na taɓa min kafaɗa kamar wadda mijinta ya mutu. Na auri wanda aka ɗaura mu har abada, yanzu ban san da wa zan tashi ba. Kai ka sauya, Royce. Mu muna nan inda ka bar mu."

"Na sani."

"Sai tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya ta kama hannuna tana kuka, ta ce abu ɗaya take roƙo. Me zan ce mata?"

"Ki ce mata ki gaya wa ɗanki da bakinki."

Shauna ta ɗauki dutsen gugar ta ci gaba. Ta goge wuyan rigar har sau uku.

* * *

Ranar Asabar aka buɗe akwatin a ɗakin taron mata na coci, awa ɗaya kafin jana'iza, don jama'a su yi ban-kwana. Dangi suka jeru. Mama a kujera daga wajen ƙafafu, Kendall a tsaye daga wajen kai, Royce a can ƙarshen layi kusa da fiyano, inda ake miƙa masa hannu ana waiwayen ƙofa.

Sai da layin ya ɗan tsinke ya matsa ya leƙa.

Mayafin haikali dogon farin yadi ne mai ninki-ninki, ana rataya shi a kafaɗa ɗaya ya sauko ya ƙetare ƙirji. A kafaɗar dama ake binne mutum da shi, don haka ake tsayawa a ƙarshen ibada, lokacin da ake neman shiga gaban Ubangiji. Royce ya gyara wa tsofaffi ɗaruruwa wannan mayafin. Ya kalli Baba, ya taɓa tasa kafaɗar ta dama don ya tabbata, ya sake kallo.

A hagu yake.

Ba sai an gaya masa yadda aka yi ba. Kendall ya tsaya yana fuskantar gawa, hankali a tashe, ya ɗora a inda yake damarsa shi.

Royce bai yarda akwai wani mala'ika da zai mai da tsohon manomin dankali baya saboda kafaɗa ba. Bai ma tabbata akwai ƙofar da za a tsaya ba. Ya gaya wa kansa haka, ya koma kusa da fiyano, ya tsaya. Amma Verl Mecham ya yarda. Shekara sittin yana tuƙa mota cikin ƙanƙara zuwa haikali, yana ninke mayafin nan kamar takardar gado, kuma da rabin baki ya roƙi abu ɗaya.

Jama'a na wucewa suna cewa kamar barci yake. Wani dattijo, Ɗan'uwa Hymas, wanda ya shekara goma sha biyu yana aiki a haikali, ya tsaya ya daɗe. Royce ya ga idonsa ya sauka a kafaɗar ya tsaya. Dattijon ya ɗago ya dubi Kendall, ya dubi kwat ɗinsa, ya miƙa masa hannu.

"Kun kyauta masa, Shugaba. Ya yi kyau."

Royce ya zagaya ya tsaya bayan yayansa.

"Mayafin a hagu yake," ya ce ƙasa-ƙasa.

Kendall ya saci kallo. Kunnuwansa suka yi ja, sannan wuyansa. Ya yi wa wata mata murmushi, ya karɓi gaisuwarta, ya jira ta wuce.

"Daidai yake."

"Sake dubawa dai."

"Mutum ɗari biyu sun wuce ta nan, kowa da katin izinin shiga haikali a aljihu. Ba wanda ya ga komai sai kai?"

"Minti uku ne. Idan an rufe ƙofa don addu'ar dangi, ka kwance ɗamarar, ka ɗaga kansa kaɗan. Ba zan taɓa ba. In kana so ma in juya baya in riƙa gaya maka."

"A gaban 'ya'yana da jikokina."

"A gaban babanka."

"Ba yau ba, Farfesa."

Sha ɗaya saura minti goma bishop, shugaban ikilisiyar, ya roƙi baƙi su wuce cikin coci. Aka rufe ƙofa, ya rage dangi kawai, mutum talatin da wani abu, yara na jan taye. Saura a sa wa mamaci hula, a yi addu'a, a rufe. Royce ya durƙusa a gefen kujerar mahaifiyarsa, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Mama, an sa mayafin a hagu."

Ta dafa sanda ta miƙe, ta taka zuwa akwatin. LaRue Mecham ta shekara tara tana shugabar matan ikilisiya, ta suturta mata fiye da arba'in da hannunta, ko a duhu aka ba ta kayan nan ba za ta ɓata ba. Royce na kallon fuskarta lokacin da ta gani. Leɓenta na ƙasa ya motsa. Ta miƙa hannu ta kama gefen mayafin, har ya ɗauka ɗagawa za ta yi. Kendall na tsaye riƙe da hular da hannu biyu.

Sai ta daidaita ninki ɗaya da ya karkace, ta shafa shi ya kwanta, ta janye hannu.

"Yayanka ne ya sa masa," ta ce, "da ikon da Allah ya ba shi."

"Minti uku ne, Mama."

"Kai da ka ce duk tatsuniya ce, ina ruwanka da hagu da dama?"

"Ni ba ruwana. Shi da ruwansa. Kina tsaye ya faɗa."

Ta juyo ta dube shi, karon farko tun ranar Litinin. Idonta a bushe yake.

"Shekara huɗu kana gaya mana mun yi kuskure, Royce. Yau ɗaya ka ƙyale mu."

Wani ya kama gwiwar hannunsa. Shauna ce. Ita ma ta ga kafaɗar, ya san ta gani, don ko'ina take kallo ban da nan.

Kendall ya sa hular. Ya naɗe hannu ya yi addu'a, muryarsa na rawa a wuraren da suka dace. Ya gode wa Uba na Sama da ya ɗaure wannan iyali har abada, ya roƙi a tausasa zuciyar waɗanda suka yi nisa. Aka ce amin. Malam Etchart ya matso ba ƙarar takalmi, ya sauke murfin, ya murɗa wani ɗan ƙarfe a gefe.

Sunan Royce na cikin masu ɗaukar akwati, an buga shi a takardar jana'iza tun ranar Talata. Wannan aikin ba a tambayar kati. Bayan an gama wa'azi da waƙoƙi, Malam Etchart ya jera su shida a bakin ƙofar coci gwargwadon tsawo, ya sa Kendall a gaba ta dama, Royce a gaba ta hagu.

Suka ɗaga. Iska mai sanyi ta taso daga gonaki ta kaɗa musu taye. Kafaɗar Baba na nan, bai fi tafin hannu ɗaya daga yatsunsa ba, sai katako a tsakani. Taku ashirin ne zuwa motar gawa, jama'a sun yi layi biyu, maza sun dafa ƙirji.

"Daidaita ƙafa, Farfesa," Kendall ya ce a hankali daga ɗaya gefen. "Kana karkatar da shi."

Royce ya daidaita.